Mararrabar USB: Yadda rami ɗaya ke zama huɗu a jikin kwamfuta

Duk wanda ya sayi kwamfutar tafi-da-gidanka a 'yan shekarun nan zai lura cewa ramukan da ke gefenta sai raguwa suke yi, alhali kuwa kayan da ake son jonawa da ita kullum ƙaruwa suke yi.

A shagunan buga takardu da cike fom ta intanet, irin waɗanda ake gani a kusa da makarantu da sakatariyoyi a Kano ko Maraɗi, sau da yawa kwamfuta guda ce ke ɗauke da firinta da sikana da kyamara da na'urar ɗaukar zanen yatsa. Ga linzami, ga kuma filash ɗin da kowane mai buƙata ke miƙowa. Ramukan kwamfutar kuwa da wuya su wuce uku.

Mafitar da akasarin mutane ke samu ita ce wata 'yar ƙaramar na'ura da ke shiga aljihu, mai waya guda a gefe ɗaya da ramuka huɗu ko bakwai a ɗaya gefen. A jikin kwalinta akan rubuta USB Hub. Aikinta ya yi kama da na mararraba, inda hanya guda ke rabuwa gida-gida, don haka za a iya kiranta mararrabar USB.

Na'urar ba ta da tsada, kuma ba sai an koya wa mutum yadda ake amfani da ita ba. To sai dai ita ce kuma ke jawo ƙorafe-ƙorafe iri-iri. Wani ya ce filash ɗinsa na ɓacewa ana tsakar aiki, wani ya ce kyamara ta ƙi tashi, wani kuma ya yi asarar takardun da ya shafe watanni yana tarawa.

Kusan dukkan waɗannan matsaloli tushensu ɗaya ne. Mararraba ƙofofi kawai take ƙarawa. Faɗin hanyar da bayanai ke bi, da kuma yawan wutar da kwamfuta ke bayarwa, suna nan yadda suke, kuma duk abin da aka jona sai dai ya yi rabo da sauran.

Tarihi

Har zuwa tsakiyar shekarun 1990, bayan kwamfuta cike yake da ramuka masu siffa daban-daban, kowanne da abin da ake sa masa. Allon rubutu da linzami suna da nasu 'yan zagayayyu, firinta na zuwa da wani faffaɗan filogi mai tsinke 25, modem kuma na shiga wani rami na dabam mai tsinke tara.

Idan ramukan suka ƙare, sai an kwance kwamfutar an ƙara mata wani kati a ciki, sannan a zauna daidaita saituna, aikin da sai ƙwararru.

Domin kawo ƙarshen wannan wahala ne wasu kamfanoni bakwai, wato Compaq da DEC da IBM da Intel da Microsoft da NEC da kuma Nortel, suka haɗa gwiwa suka fito da tsarin USB, wanda aka wallafa ƙa'idojinsa na farko a watan Janairun 1996. Daga cikin waɗanda suka jagoranci aikin a kamfanin Intel akwai Ajay Bhatt, wani injiniya ɗan asalin ƙasar Indiya. Ƙungiyar USB-IF, da aka kafa a 1995, ita ce har yanzu ke kula da ƙa'idojin.

Tun a zanen farko, masu aikin ba su yi nufin a cika jikin kwamfuta da ramuka ba. Tunaninsu shi ne a bar mata kaɗan, sauran kuma su riƙa tsirowa daga waɗannan kamar rassan bishiya. Ke nan tare da mararraba aka haifi USB.

Kwamfutar iMac da kamfanin Apple ya fitar a 1998 ta yi watsi da tsofaffin ramukan, ta zo da na USB biyu kacal. Allon rubutunta yana ɗauke da mararraba a cikinsa, rami ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma a nan ake jona linzami. Mutane da dama sun yi shekaru suna amfani da mararraba ba tare da sun san sunanta ba.

Kwamfuta ce mai gida

A tsarin USB babu na'urar da ke da ikon aika bayani sai an tambaye ta. Kamar malami ne a aji yana kiran suna, ba mai buɗe baki sai wanda aka kira. Linzami na gama-gari, alal misali, kwamfuta kan tambaye shi sau 125 a cikin daƙiƙa guda ko ya motsa.

Kazalika na'urorin ba sa iya magana da junansu. Idan aka jona filash biyu a mararraba guda aka ce a kwafe fim daga wannan zuwa wancan, sai bayanan sun haura zuwa kwamfuta tukuna sannan su sake saukowa, duk ta waya ɗaya.

Wayar USB ta asali zare huɗu ne a cikinta. Biyu na ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 5, biyu kuma na bayanai. Da zarar an cusa na'ura a rami, sai ta ɗan ɗaga ƙarfin lantarkin da ke kan ɗaya daga cikin zaren bayanan. Da wannan alama ce mararraba ke gane cewa an yi baƙo.

Ita ma mararrabar ba ta da bakin magana sai an tambaye ta. Kwamfuta kan leƙo ta a kai a kai, idan ta ji akwai sabon abu a rami kaza, sai ta ba da umarni a farkar da shi. Kowane baƙo da lamba sifiri yake fara amsawa, daga nan a yanka masa tasa lambar. Sai ya gabatar da kansa: ko shi mene ne, wane kamfani ya ƙera shi, da yawan wutar da yake buƙata. A kan haka ne kwamfuta ke nemo manhajar da ta dace da shi. Duk wannan kai-komo yakan ƙare kafin mutum ya janye hannunsa.

Lambobin da ake rabawa 128 ne, kuma tun da an keɓe sifiri domin baƙi, saura 127. Daga nan ne aka samo maganar da ake yawan yi cewa USB na ɗaukar na'urori 127. Sai dai kowace mararraba ita ma tana cinye lamba guda, kuma a zahiri 'yar ƙwaƙwalwar da ke kula da USB a cikin kwamfutoci da yawa kan cika tun ba a je ko kusa da wannan adadi ba.

Iyakar da aka fi saurin cin karo da ita ta jeri ce. Ƙa'ida ta yarda a jona mararraba a bayan mararraba har biyar, ban da uwar mararraba da ke cikin kwamfutar kanta. Biyar ɗin kuwa ba su da wuyar cika, domin ba dukkansu ake gani da ido ba.

Yawancin 'yan ƙwaƙwalwar da ake ƙera mararraba da su rami huɗu suke da shi. Mai son ƙera mai rami bakwai sai ya ɗauki biyu, ya jona ta biyun a ɗaya daga cikin ramukan ta farkon: uku daga nan, huɗu daga can. Wannan ne ya sa ake yawan ganin mai huɗu da mai bakwai da mai goma a kasuwa. Mai bakwai ɗin, a wajen kwamfuta, mararraba biyu ce. Idan aka haɗa da wadda ke ɓoye a jikin allon kallo ko allon rubutu, sai a ga an zarce iyaka, Windows ta fito da gargaɗi, na'urar ƙarshe ta ƙi aiki.

Akwai kuma wani aiki da mararraba ke yi wanda ba kowa ya sani ba. Saƙon USB 2.0 ba ya iya tafiyar da ta wuce mita biyar a waya guda, amma kowace mararraba takan karɓe shi ta sabunta ƙarfinsa kafin ta miƙa shi gaba. Da mararraba biyar ana iya kaiwa mita 30. Da yawa daga cikin dogayen wayoyin nan masu ƙulli a tsakiya, da ake jan kyamara ko firinta da su zuwa wani ɗaki, mararraba ce mai rami ɗaya a cikin ƙullin.

Rabon gudu

USB na farko yana da gudu iri biyu, megabit 1.5 da megabit 12 a daƙiƙa. A watan Afrilun 2000 aka fito da USB 2.0 mai megabit 480, sannan a watan Nuwamban 2008 USB 3.0 ya zo da gigabit 5, wato kusan ninki goma. Daga baya an kai gigabit 10 a 2013, da 20 a 2017, da 40 a 2019 ƙarƙashin USB4, wanda sabon zubinsa na 2022 ya kai 80.

Waɗannan alƙaluma na takarda ne. A aikace USB 2.0 kan kwafe megabait 30 zuwa 40 a daƙiƙa, USB 3.0 kuma kamar 400 idan ma'adanar tana da saurin da za ta bi shi. Fayil mai gigabait huɗu zai ɗauki kusan minti biyu a na farkon, da kamar daƙiƙa goma a na biyun.

Ko ma wanne ne, gudun na wayar nan guda ce da ke tsakanin mararraba da kwamfuta. Tamkar bututun ruwa ne da aka sa wa kawunan famfo huɗu. Idan ɗaya aka buɗe ruwa na zuwa da ƙarfi, idan aka buɗe huɗun gaba ɗaya kowa sai ya yi haƙuri.

Akwai kuma batun masu tafiyar hawainiya. Allon rubutu da linzami har yau galibinsu da gudun 1996 suke aiki, kuma da za a bar su su hau babbar hanya yadda suke, da sun tare kowa kamar amalanke a gaban motoci. Saboda haka aka sa wa mararrabar USB 2.0 wani ɓangare da ke aikin tafinta. Yakan karɓi saƙo daga kwamfuta da cikakken gudu, ya isar wa na'urar a hankali, ya ajiye amsarta har kwamfutar ta dawo ta karɓa. Masu araha tafinta ɗaya gare su domin dukkan ramuka, masu inganci kuma kowane rami da nasa. Mai linzami da allon rubutu kawai ba zai ga bambanci ba, amma masu ɗakin haɗa kiɗa da ke jona kayan sauti da yawa sun san shi sarai.

Mararrabar USB 3 kuwa, wadda galibi ake gane ta da shuɗin launi a cikin ramukanta, mararraba biyu ce a gida ɗaya. Akwai ta USB 2.0 a kan tsofaffin zare, akwai kuma mai saurin a kan wasu sababbin zare biyar da aka ƙara. Hanyoyin biyu ba sa haɗuwa. Abin da wannan ke nufi shi ne, duk na'urorin USB 2.0 da aka jona a cikinta megabit 480 ɗin nan za su raba, ko da kuwa babbar hanyar mai gigabit 5 babu kowa a kanta.

A nan ne sirrin kyamarar da ke ƙin tashi yake. Kyamara da makirfo ba su san jira ba, don haka tun daga farko sukan nemi a keɓe masu wani kaso na hanyar. Ƙa'idar USB 2.0 ta ce abin da za a keɓe ta wannan hanya kada ya wuce kashi 80 cikin 100. Idan kyamara ta farko ta kwashi kaso mai tsoka, ta biyun za a ce mata babu wuri, alhali kuwa lafiyarta ƙalau. Maganin shi ne a mayar da ɗaya wani rami a jikin kwamfutar, a wasu lokutan ma sai an rage ingancin hoton.

Inda take da rana

Duk da haka, yawancin kayan yau da kullum ba su damu da wannan rabo ba. Allon rubutu da linzami da firinta da na'urar karanta kati, idan aka haɗa su gaba ɗaya, ɗan abin da suke ci daga hanyar bai taka kara ya karya ba. Domin irinsu aka yi mararraba.

Tana kuma kare ramukan kwamfutar kansu. Ƙa'ida ta tanadi cewa babban ramin USB da aka saba da shi ya jure sawa da cirewa aƙalla sau 1,500. A shagon da mutum 20 ke miƙo filash a kullum, wannan adadi zai cika cikin wata biyu da rabi. Ramin kwamfuta a manne yake da babban allon cikinta, kuma gyaransa sai an kwance ta an sa mata dalma. Mararraba kuwa idan ta gaji sai a sauya wata. Haka nan kwamfutar da ramukanta suka mutu saura ɗaya, da mararraba ake ci gaba da morarta.

Matsalar wuta

A nan ne aka fi yin asara, kuma lissafin ba mai wuya ba ne.

Ramin USB 2.0 na ba da miliamfa 500, wato rabin amfa, wanda a kan bolt 5 ya kama wat 2.5. Mararrabar da ba ta da wutar kanta takan riƙe 100 domin aikinta, ta raba 400 ga ramuka huɗu, kowanne 100. A USB 3.0 jimillar ta ƙaru zuwa 900, rabon kowane rami kuma 150.

Miliamfa 100 ya ishi linzami ko allon rubutu marar fitilu. Amma babbar ma'adanar bayanai ta waje, irin mai faifan da ke juyawa a ciki, takan buƙaci fiye da 500 a lokacin da faifan ke tashi. Ita kaɗai ta fi ƙarfin abin da mararrabar ke samu gaba ɗaya.

Bisa ƙa'ida, kwamfuta ya kamata ta ƙi karɓar irin wannan na'ura ta kuma faɗi dalili. To amma wasu na'urorin mararraba masu araha kan gaya wa kwamfuta cewa suna da wutar kansu alhali ba su da ita. Sai kwamfutar ta amince, ma'adanar ta ja abin da babu, ƙarfin lantarki ya faɗi. Alamun sanannu ne: ma'adanar ta riƙa wani ƙas-ƙas, ta bayyana ta ɓace, wani lokaci ma ta ja linzami da allon rubutu su ɗauke tare da ita. Idan ɗaukewar ta zo daidai lokacin da ake rubuta bayani a kanta, fayil ɗin na iya lalacewa, in an yi rashin sa'a ma kwamfuta ta daina gane ma'adanar baki ɗaya ta ce sai an goge ta.

Domin irin waɗannan kaya ne aka yi mararraba mai adafta, wadda ake jonawa a soket. Ita tana iya bai wa kowane rami cikakken rabonsa na 500 ko 900, matuƙar adaftar ta isa. Wannan sharaɗi ne da ya kamata mai saye ya duba da idonsa, domin a rubuce yake a jikin adaftar. Rami bakwai na USB 3.0, idan kowanne ya ja 900, sun kama amfa 6.3, wato sama da wat 31. Adaftar da aka rubuta wa bolt 5 da amfa 2 wat goma kawai take bayarwa, abin da zai ciyar da rami biyu sosai da 'yan kai.

A ƙasashen da ake fama da ɗaukewar lantarki kamar Najeriya da Nijar, mai adaftar ma tana da nata tarkon. Kwamfutar tafi-da-gidanka na da batir, don haka idan aka ɗauke wuta ko janareta ya tsaya ita ba ta ji ba. Mararrabar kuwa nan take za ta rasa wutarta, ma'adanar da ke jikinta ta yanke a tsakiyar aiki. Wanda ke kwafe muhimman takardu a irin wannan yanayi gara ya jona ma'adanar kai tsaye a jikin kwamfutar, ko kuma ya ɗora adaftar a kan na'urar ajiye wuta.

Wata illar kuma ta masu ƙarancin inganci ita ce mayar da wuta baya. Mararrabar da aka ƙera yadda ya kamata ba ta barin wutar adafta ta haura zuwa kwamfuta. Waɗanda aka yi wa ƙwauron kayan aiki kan bar ta ta wuce, shi ya sa akan ga fitila ko fankar kwamfuta na aiki bayan an kashe ta. Hakan na iya hana ta tashi daidai, yana kuma iya lahanta ramin.

Ya kamata kuma a bambanta mararraba da cajar nan mai ramuka da yawa da masu sana'ar cajin waya ke amfani da ita. A ido sun yi kama, amma cajar wuta zalla take bayarwa, babu hanyar bayanai a cikinta. Ita ma mararraba ta gama-gari ba caja ba ce, wayar da aka sa mata sai ta wuni ba ta cika ba.

Zamanin USB-C

A watan Agustan 2014 aka fito da USB-C, ɗan siririn rami mai tsinke 24 da ake iya cusa wa filogi ta kowace fuska. Shekara guda bayan haka Apple ya fitar da MacBook mai inci 12 da rami ɗaya tal na irin wannan, wanda ta nan ake caji, ta nan ake komai. Wasu kamfanonin suka bi sahu wajen rage ramuka, kasuwar mararraba ta buɗe. Sai a 2021 ne Apple ya mayar da ramin HDMI da na katin kyamara a manyan kwamfutocinsa na MacBook Pro.

Irin mararrabar da ta yi tashe a wannan zamani ita ce mai haɗe-haɗe: ramukan USB biyu ko uku, da na wayar intanet, da na kati, da na HDMI, da na caji. Da za a fasa ta, mararraba ce ta gama-gari a ciki, sai dai an riga an liƙa wasu na'urori a wasu daga cikin ramukanta. Wajen sa wayar intanet da wajen karanta kati duk na'urorin USB ne, kuma suna cikin masu rabon hanya.

Hoto ne kaɗai ke da tasa hanyar dabam. USB-C na da layuka huɗu masu sauri, kuma kwamfuta na iya ba da aron biyu ko huɗun ga saƙon hoto na DisplayPort, wanda mararrabar ke juyawa zuwa HDMI. Idan aka ba hoto biyu, bayanai na tafiya a kan biyu da gudun USB 3, amma a tsofaffin kwamfutoci allon 4K zai tsaya a hoto 30 a daƙiƙa maimakon 60, abin da ke sa linzami ya riƙa jan ƙafa. Idan aka ba shi huɗun, hoto ya yi kyau, sauran ramukan kuma su koma gudun USB 2.0.

Babban abin da ke rikita masu saye shi ne, ba kowane ramin USB-C ne ke fitar da hoto ba. Wani na bayanai ne kawai, wani ba a caji ta cikinsa, wani kuma Thunderbolt ne mai gigabit 40, kuma dukkansu kamanninsu ɗaya. Mutum zai sayi mararraba, ya jona talabijin ko majigi, ya ga allo baƙi ƙirin, ya mayar wa mai shago da faɗa, alhali ramin kwamfutarsa ne ba shi da wannan baiwa. Alamar walƙiya ko ta harafin D a gefen ramin na nuna yana fitar da hoto, amma tun da ba kowane kamfani ke sa alamar ba, takardar bayanin kwamfutar ce abin dogaro.

Ta fuskar caji kuma, tsarin ya kai wat 100 tun 2012, aka ɗaga shi zuwa 240 a 2021. Mararrabar da ake cajin kwamfuta ta cikinta takan yanki nata kaso, galibi wat 5 zuwa 15, kafin ta miƙa sauran. Mai cajar wat 45 zai iya ganin batirinsa na raguwa alhali caja na jone. Kuma a wasu nau'o'in, zare cajar kan sa duk abin da ke jikin mararrabar ya ɗauke na ɗan lokaci kafin ya dawo, wanda ya isa ya lalata fayil ɗin da ake kwafewa.

Ribar dai a fili take. Ma'aikaci kan zo ofis ya cusa waya guda, nan take ya samu allon kallo da allon rubutu da intanet da firinta da caji. Wayoyin salula da dama ma na karɓar mararraba, ta yadda ɗalibin da ba shi da kwamfuta zai iya jona allon rubutu da filash a wayarsa ya buga aikinsa, ko da yake wutar da waya ke bayarwa kaɗan ce.

Katsalandan da tsaro

A 2012 kamfanin Intel ya wallafa wani rahoto da ya nuna cewa USB 3.0 na fitar da hayaniyar lantarki a daidai zangon gigahaz 2.4, inda linzami marar waya da Bluetooth da wani ɓangare na Wi-Fi ke aiki. Idan ɗan filogin linzamin na maƙwabtaka da filash mai sauri a mararraba guda, linzamin kan riƙa tsalle ko ya sandare. Nisanta su da juna, ko mayar da filogin ramin USB 2.0, yakan wadatar.

Batun tsaro ya fi wannan nauyi. A 2014 wasu masu bincike biyu daga Jamus, Karsten Nohl da Jakob Lell, sun nuna a taron Black Hat da ke birnin Las Vegas cewa ana iya sauya manhajar cikin filash ya gabatar da kansa a matsayin allon rubutu, ya shiga buga umarni da kansa. Mararraba ba ta tace baƙi, duk wanda ya zo miƙa shi take yi.

A 2017 kuma masu bincike a Jami'ar Adelaide da ke Ostireliya sun gwada kwamfutoci da na'urorin mararraba sama da 50, suka gano cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na yoyon bayanai daga wani rami zuwa na kusa da shi. Sun yi wa wata 'yar fitilar USB kwaskwarima, ta riƙa karanta duk abin da ake bugawa a allon rubutun da ke maƙwabtaka da ita tana aikawa wata kwamfutar. Ga shagon da ake shigar da lambobin sirri da bayanan banki na jama'a, wannan dalili ne na keɓe wa allon rubutu raminsa a jikin kwamfuta, a bar mararraba ga filash ɗin baƙi.

A nata ɓangaren, Ƙungiyar Tarayyar Turai ta zartar da wata doka a 2022 da ta wajabta ramin USB-C a kan wayoyin salula da ƙananan na'urorin da ake sayarwa a ƙasashenta daga ranar 28 ga watan Disamban 2024, ta kuma sanya 28 ga watan Afrilun 2026 ga kwamfutocin tafi-da-gidanka. Sai dai dokar ta shafi caji ne kawai, ba ta ce komai ba game da yawan ramuka ko gudun bayanai. Wayar iPhone 15, wadda ta koma USB-C a 2023, da gudun megabit 480 na shekarar 2000 ta zo, yayin da iPhone 15 Pro da aka fitar rana ɗaya da ita, mai rami iri ɗaya sak, ke kaiwa gigabit 10.